Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Daren da Goggo Ta Ce In Dakata

A makon jiya na tsaya a ranar da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta sauka a ƙofar gidanmu da ke Jekadafari da yara biyar, da akwatin ƙarfe ɗaya, da takardar saki a ƙulle a bakin zaninta. Na yi alkawarin zan faɗi abin da ya haɗa dawowar tata da alƙalamina, to ga shi.

Shekarar 1995 ce, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Gombe a lokacin tana cikin Jihar Bauchi, sai ran 1 ga Oktoba 1996 aka ba mu tamu jihar. Gidanmu ba baƙon littafi ba ne. Mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, dillalin wake ne a Tudun Hatsi, amma ya yi elemantare, kuma yana da wata tsohuwar jakar fata da yake ajiye Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Shaihu Umar ya fi ji da shi. Yakan ce ɗan ƙasarmu ne ya rubuta shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun yana malamin makaranta, kafin duniya ta san shi da Firayim Minista. In ransa ya yi fari kuma sai ya jawo baitocin Sa'adu Zungur da ka, yana kaɗa yatsa. Na taso ina jin sunayen nan kamar na kakannina, sai dai duk cikinsu babu mace ko ɗaya. Ban taɓa tambayar dalili ba. A zatona rubuta littafi kamar limanci ne, maza aka sani da shi.

Addata, wato yayata, ce ta warware mini wannan zaton, ba tare da ta yi niyya ba. Ta dawo hutu daga makarantar kwana, ina taya ta fitar da kaya, sai ga wani ɗan littafi a ƙarƙashin ledar garin kwaki. Ya sha hannu har bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. Wata ta ɗinke bayansa da baƙin zare, ɗinkin hannu mai kyau, irin na wadda ta iya ɗinkin hula. A gefen shafuka kuwa waɗanda suka riga mu karantawa sun bar sawunsu da biro, wata ta rubuta Allah ya isa, wata ta ja layi biyu a ƙarƙashin wata magana, wata kuma hawayenta ne ko ruwa, ya narkar da tawadar wani wuri. Sunansa Alhaki Kuykuyo Ne. A ƙasa aka rubuta Balaraba Ramat Yakubu.

Sau uku na karanta sunan. Balaraba. Sunan da ake kiran duk yarinyar da aka haifa ran Laraba, har a layinmu akwai mai irinsa tana tallar dafaffiyar gyaɗa. Na ce, "Adda, mace ce ta rubuta?" Ta ce, "Mace ce mana, ki ɓoye shi kada Baffa ya gani."

Lokacin kaka ne, an kawo gyaɗa daga gonar Baffa da ke hanyar Dukku. Bayan sallar isha'i matan gida kan baje tabarma a tsakar gida su yi ta ɓara, Dada mahaifiyarmu, da abokiyar zamanta da muke kira Anti, da Goggo, Kaka kuma tana daga bakin ƙofar ɗakinta da carbi. Ran nan babu wuta, na raɓe kusa da fitilar ƙwai na sa littafin cikin littafin kimiyya ina karantawa. Ashe bakina yana motsi. Dada ta ce, "Ke, wane irin karatu ne yau ya hana ki taɓa gyaɗa? In mai daɗi ne ɗaga murya mu ji." Dada ta sauke Alƙur'ani, tana karanta ajami, amma ba ta yi boko ba, haka ma Goggo. Na dubi Adda, Adda ta kawar da kai. Sai na koma shafin farko na soma.

Wanda ya karanta littafin ya san labarin Rabi, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, mai 'ya'ya tara, wadda kuɗin cefanen da ake ba ta ba ya kai wa ko'ina, ita ke ciko da guminta, maigidan kuwa yana can yana ɓarin kuɗi a waje. Daga baya ya auro Delu, matar bariki, rikici ya tashi, aka saki Rabi aka kore ta da 'ya'yanta. Ina cikin karatu babu abin da ake ji sai muryata da ƙas-ƙas ɗin ɓawon gyaɗa. Da na iso inda aka kore ta, sai na ji ƙarar ɓarar ta ragu. Hannu ɗaya ya tsaya.

Goggo ta ce, "Dakata."

Na dakata.

Ta ce, "Wa ya gaya mata?"

Na ce, "Wa fa, Goggo?"

Ta ce, "Mai littafin nan. Wa ya je har Kano ya ba ta labarina?"

Babu wanda ya yi dariya. Gyaɗa ɗaya na tsakanin yatsunta, ta fasa ta amma ba ta buɗe ba. Tun da ta dawo, wata biyu cur, ban ji ta yi maganar abin da ya same ta ba, kullum sai dai ta ce ƙaddara ce. A daren nan ta yi magana har fitila ta fara lumshewa. Ta faɗi yadda ta sayar da kwallayenta ɗaya bayan ɗaya don biyan kuɗin makarantar babban ɗanta, da yadda take dafa ruwa a tukunya ta rufe don maƙwabta su ga hayaƙi su ɗauka an ɗora girki. Dada tana share ido da gefen mayafi. Anti, wadda ba kasafai take shiri da Goggo ba, ta matsa ta karɓi ƙwaryar da ke gabanta ta ci gaba da ɓare mata.

Na sha karanta bayanan masana a kan adabi tun daga wancan lokaci, amma babu wanda ya koya mini aikin littafi kamar tambayar nan ta Goggo. Littattafan jakar Baffa sun kai ni fadar sarakuna da hamadar da aka ratsa da Umar yana yaro, kuma har gobe ina girmama su. Wannan kuwa tsakar gidanmu ya shigo, ya zauna a kan tabarma, ya san kuɗin cefane, ya san yadda mace ke haɗiye magana in ta ji sallamar maigida.

Kashegari labari ya zaga. Matan maƙwabta biyu suka riƙa shigowa bayan isha'i da tasu gyaɗar. Kaka ce kawai ba ta sake ba, tana cewa tatsuniyar boko ce. Don in burge ta na ce, "Kaka, mace ce fa ta rubuta shi." Ta dube ni ta ce, "To mene ne abin mamaki? Nana 'yar Shehu fa, namiji ce?" Sai ta ɗauko wata waƙar Fulatanci da na saba ji a bakinta da asuba in tana kaɗi, mazari na juyawa a kan 'yar fatarta, tana dangwalar alli da yatsa. Ta ce a wurin uwarta ta koya, uwarta kuma ta ce mata ta Nana ce. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka waƙar tsofaffi ce kawai, wadda ba ta da mai ita.

Sai da na girma na san wace ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kuma san cewa matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo gabanta ba, sai ta naɗa jajis, dattawan mata, ta ɗora musu malfa, su zo su karɓi karatu cikin waƙa su koma su koya wa 'yan'uwansu. Su ne 'Yan Taru. Ranar da na karanta wannan sai da tsigar jikina ta tashi, domin na tuna tabarmar gidanmu: ɗaya ta iya karatu, saura suna saurare hannuwansu na aiki. Ashe hanyar tsohuwa ce, mu dai mun tsinci kanmu a kanta ne.

A dare na huɗu Baffa ya dawo da wuri. Ba mu ji shigowarsa ba sai gyaran murya a bakin zaure. Matan maƙwabta suka ja mayafi suka sulale. Ya miƙo hannu, na durƙusa na ba shi. A lokacin ana yawan cewa littattafan nan na soyayya suna lalata tarbiyyar 'yan mata, kuma Baffa ya ji wannan a majalisarsu. Ya kai littafin kusa da fitila, ya juya shi gaba da baya.

Ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Adda ce ta yi ƙarfin hali daga bayan Dada ta ce, "Baffa, ƙanwar Janar Murtala ce."

Baffa ya yi shiru. Mutum ne da ke ajiye hoton Murtala a rumfarsa, kuma ya sha ba mu labarin inda yake tsaye ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 da ya ji a rediyo abin da ya faru a Legas. Ya sake duban sunan, ya sa littafin a aljihun gaban rigarsa ya shige turaka. Na kwana ina kuka a ɓoye, ba don tsoron duka ba, don ban san yadda Rabi ta ƙare ba. Da na fito alwalar asuba na ga fitilarsa a kunne. Kwana biyu littafin yana wurinsa. A rana ta uku ya kira ni, ya miƙo mini ya ce, "Ki gama ki mayar wa masu shi. Kada in gan shi a hannunki lokacin makaranta." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, har ya koma ga Allah ban ji ra'ayinsa a kan littafin ba. Abin da na gani dai shi ne, daga makon nan ya daina aiko yaro da kuɗin cefane, da kansa yake shigowa ya tambayi Dada da Anti abin da ya ƙare.

Ƙarshen labarin ya raba kan matan gidanmu. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, aka dawo ana lallashin Rabi, wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta da sana'ar abinci, ta koma ta riƙe shi. Dada ta ce haka rayuwa take, uban 'ya'yanta ne. Anti ta ce an cuce ta sau biyu. Goggo kuwa ta buga cinya ta ce, "Wallahi da ni ce, ko da Alƙur'ani aka dafa ni ba zan koma ba."

Bayan wata bakwai aka zo biko. Dattawa uku suka zauna a zauren Baffa, aka kira Goggo, aka yi ta maganar yara, da zumunci, da haƙuri. Goggo ta soma sana'ar suyar masa a ƙofar gida ke nan, har ta sayi kaskon tanda nata na kanta mai gida goma sha biyu. An ɗaura sabon aure, ta ɗaure akwatin nan na ƙarfe, ta bar wa Dada tandar. Da za ta shiga mota ba ta yarda mun haɗa ido ba.

A daren nan na ɗauko sabon littafin rubutu mai shafi arba'in da aka saya mini don lissafi, na juya shi ta baya, na soma rubuta labarin wata mata da aka saka, aka zo biko, ta ce ba za ta koma ba. Haushi ne ya riƙe mini biro. Ina jin haushin dattawan, da na Baffa, da na Goggo, har da na Hajiya Balaraba da ta mayar da Rabi. Cikin kwana shida na cika shi. A labarina matar ta yi kuɗi, ta gina bene, ta sayi mota, tsohon mijin ya zo yana roƙo ta sa aka rufe ƙofa.

Dada na fara karanta wa, muna tsinkar zogale. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Yaran fa? Ranar da ta ce ba za ta koma ba, me suka ci da daddare?" Na ce ban rubuta ba. Ta ce, "Jarin fa, wa ya ba ta? Ita waccan mai littafin ai ta faɗa mana komai, har abin da ake sakawa a tukunya. Ke kin ɗauke ta daga zaure kin ɗora a bene, ba ki nuna mana matakala ba." Na yi shekaru ina rubutu yanzu, editoci sun bi aikina da jan biro, amma gyaran da ya fi zauna mini shi ne wannan. Har yau in na sa mace ta yanke shawara a labari, sai na tsaya na tambayi kaina me yaranta za su ci a daren. Kuma a hankali haushin da nake ji na ƙarshen labarin Rabi ya koma girmamawa. Hajiya Balaraba, matar da aka cire daga makaranta aka yi mata aure shekarunta ba su wuce 13 ba, ta dawo ta nemi ilimi a ajin manya har ta zama marubuciya, ba ta rasa sanin daɗin a ce Rabi ta yi nasara ba. Ta san yadda zaure ke cika da dattawa ne, ta rubuta abin da ta sani.

Littafin lissafin nan ya faɗa hannun malamarmu ta Hausa, domin ƙawayena sun yi ta yawo da shi a ƙarƙashin benci. Ta kira ni ofis, na tafi ƙafafuna na rawa. Na tarar ta bi shi da jan biro tana saka wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, tana raba kalmomin da na haɗe. Ta buɗe jakarta ta ba ni aron So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, ta ce in kula da shi kamar ƙwai. Ita ta gaya mini cewa daga wata gasa da kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya ya shirya aka buga shi a 1980, kuma shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga na mace. Ta sa na yi lissafi a gabanta: daga 1934 da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar suka fito zuwa 1980, shekara 46 ke nan. Ta ce, "Duk tsawon shekarun nan mata suna da labari, takarda ce ba ta iso hannunsu ba." Labarin budurwa Bafulatana ne da ta kafe a kan son wanda ba ɗan ƙabilarta ba, kuma a gida irin namu da ake auna asalin mutum kafin a amsa sallamarsa, ba sai an yi mini fassara ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Kuɗin tarana ya koma na hayar littafi a wata 'yar rumfa da ke bakin kasuwa, inda mai ita ke zuwa Kano ya sari sababbi, mu kuwa mu yi ta sintiri muna tambayar ko na biyu ya fito. Na karanta Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba, na karanta Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed. Bilkisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, ita ta koya mini taushin harshe, yadda mata ke hira a ɗaki, da yadda yarinya za ta so miji ta kuma so karatunta ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba, kwana na yi ban runtsa ba a kan Allura Cikin Ruwa. A babbar sakandare kuma aka haɗa ni da The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984. Da aka ce mini 'yar ƙasar Biu ce, nan maƙwabtanmu da motocinsu ke tashi daga tashar garinmu kullum, sai na ji Turancin ma ya matso kusa.

Na san abin da ake faɗa a kan littattafan nan. An kira su adabin kasuwar Kano, malaman jami'a sun yi ta muhawara a kansu a jaridu, a 2007 ma har ƙona wasu aka yi a Kano. Ba zan ce duka masu kyau ba ne, na karanta waɗanda aka rubuta cikin gaggawa, babu tsari babu gyara, daga motoci sai gwala-gwalai, irin benen da na gina wa matar labarina. Amma ina jin zafi in aka yi musu kuɗin goro. Matan nan da kuɗin adashinsu da na sarƙoƙinsu suka buga littattafansu lokacin da babu kamfanin da ke neman su. Ta dalilinsu mata da yawa da aka cire daga aji uku ko huɗu na firamare ba su manta karatu ba, wasu ma saboda su suka koya. Alhaki Kuykuyo Ne da aka ɗinke da baƙin zare a makarantar su Adda, a 2012 Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya. Da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ta zo ta ɗaya da labarinta Sansani, ina zaune a gaban rediyo na tuna malamata da lissafinta na shekara 46, na yi mata addu'a.

Goggo ta zo mana yawon babbar sallah a shekarar da aka ba mu jiha. Ta rame, amma ta yi lalle, ta sha sabuwar atamfa. Bayan an watse ta ja ni ɗakin Kaka ta ce, "An ce kin saka ni a littafi." Na sunkuyar da kai na ce ba ita ba ce, wata ce. Ta ce, "Ɗauko ki karanta mini watan."

Na riga na sake rubuta shi bayan gyaran Dada. Na cire benen da motar, na bar wa matar tandarta mai gida goma sha biyu, da bashin shinkafa mudu uku da ta ci a wurin maƙwabciya, da daren da yaran suka kwana da kunun kanwa. Na karanta mata a hankali, Kaka tana jan carbi kamar ba ta ji. Da na kai inda dattawa suka cika zaure matar ta ce musu a'a, Goggo ta rufe ido. Ta ce in maimaita wurin. Na maimaita.

Da na gama ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni shi." Na ce, "Goggo, ai ba ki karanta boko." Ta ce, "Na sani. Ba ni dai."

Ta naɗe shi a cikin ɗankwalinta ta tura a jaka. Ban sake ganinsa ba sai bayan shekara 19, ranar sadakar ukunta, da 'yarta ta buɗe akwatin ƙarfen nan za a raba kaya. Yana can ƙasa, tare da takardar sakinta ta farko da wani ɗan kwalbar turare, jan biron malamata bai ko dusashe ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tafiyata Kano ta farko da rubutuna a cikin jakar leda, da abin da mai maɗaba'a ya ce da Hammana, wato yayana, da ya raka ni.